Bayan tiyatar rage tumbi ƙiba ta dawo: aikin ne ya warware?

"Likita, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi, shekarata 44. A 2017 aka yi mini tiyatar rage tumbi a Indiya, irin wadda ake kira baifas, saboda ƙiba da ciwon sukari da suka taso ni gaba. Kilo 128 nake a lokacin. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauko 84, har aka tsayar mini da maganin sukari. To yau shekara uku ke nan nauyin yana ta hawa, jiya na hau sikeli na ga 103. Wallahi ba na cin abin kirki, tuwo ko rabin malmala ba na iya cinyewa, fura da kunu da shayi su ne abincina. Wani lokaci in na sha fura, bayan kamar awa biyu sai jikina ya kama rawa, gumi ya keto mini, sai na ci dabino ko alawa nake dawowa daidai. Gwiwa ta dame ni, ina shan diclofenac. Bitamin ɗin da aka rubuta mini na daɗe da bari saboda tsada. Fili muka sayar aka yi aikin nan, yanzu ko biki ba na son zuwa saboda idon mutane. Aikin ne ya warware? In koma a sake?"

Malama, sannu da jiki, Allah Ya ƙara lafiya. Tambaya biyu kika ajiye a ƙarshen saƙonki, ko aikin ya warware, da ko ki koma a sake. Amma amsarsu tana cikin abin da kika faɗa a tsakiya kamar ba komai ba, wato fura da kunu da shayi, da rawar jikin nan ta bayan awa biyu. Can zan fi daɗewa. Ni likita ce mai duba masu ciwon sukari da ƙiba, ba na shiga ɗakin tiyata, shi ya sa waɗanda ke zuwa gabana irinki ne: an yi musu aikin a Indiya ko Masar, sun dawo gida da takardu a jaka, ba mai bibiyarsu.

Mu fara da lissafi, tunda malama ce ke. Daga 128 zuwa 84 kin zubar da kilo 44, wajen kashi 34 cikin ɗari na nauyinki. Kilo 19 ya dawo. Har yanzu kina ƙasa da inda kika taso da kilo 25. A Suwidin an bibiyi dubban mutanen da aka yi wa tiyatar ƙiba tun daga 1987, kuma waɗanda aka yi wa irin aikinki sun rage kashi 32 cikin ɗari a shekara ta farko zuwa ta biyu, da aka kai shekara 10 sai ya tsaya a kashi 25. A jihar Yuta ta Amurka ma an ga kusan haka: kashi 35 a shekara 2, kashi 28 a shekara 6, wajen kashi 27 a shekara 12. Idan aka ɗora wannan a kanki, mai kilo 128 za a sa ran ta tsaya tsakanin 93 da 96 bayan shekaru. Ke nan kusan rabin abin da ya dawo miki abu ne da ake tsammani tun ranar da aka yi aikin, ko an gaya miki ko ba a gaya miki ba. Sauran kilo 7 zuwa 10 ɗin, da kuma hawan da bai tsaya ba, su ne abin da za mu nemi dalilinsu. Na san a ranki kina ganin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ni da nake ganin ƙafafun da sukari ya cinye da idanun da ya makantar, shekarun da kika yi ba ki shan maganinsa ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Abin da aka yi miki a ciki

An yanki saman tumbinki aka yi ɗan aljihu da bai wuce girman ƙwai ba, wanda a farko yake ɗaukar kamar mililita 30, manyan cokula biyu ke nan. Sai aka jawo ƙaramin hanji aka ɗinke a jikin aljihun, ta yadda abinci yake kauce wa sauran tumbin da farkon hanjin, kamar motar da ta bi baifas ba ta shiga cikin gari ba. Wani likita mai suna Edward Mason ne ya fara irin wannan aiki a Amurka a shekarun 1960.

Mutane suna ɗauka ƙanƙantar aljihun ce kaɗai ke sa rama. Akwai wani abu da ya fi ta ƙarfi. Idan abinci ya faɗa cikin hanji da sauri, hanjin yana sakin wasu sinadarai, babbansu ana kiransa GLP-1, masu gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, suna kuma sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Shi ya sa sukarin wasu yake daidaita cikin 'yan kwanaki bayan aiki, tun ba su rage ko kilo biyu ba. Ki riƙe sunan sinadarin nan, zai sake fitowa har sau biyu.

Da shekaru suka ja, jiki yana neman hanyar komawa inda ya saba. Yunwar da ta ɓace a shekarar farko tana dawowa a hankali. Aljihun yana ɗan buɗewa, hanjin yana sabawa. Ga shi jiki mai kilo 84 bai kai mai kilo 128 ƙona abinci ba, musamman da yake cikin abin da ya zube har da tsoka. Ƙiba ciwo ce mai daɗewa kamar hawan jini. Tiyata tana danne ta ƙwarai, amma ba ta cire ta daga jiki.

Abin da ake sha ba ya tsayawa a aljihu

Na yarda da ke cewa ba ki iya cinye rabin malmala, kuma wannan yana nuna mini cewa aljihun bai saki sosai ba. Wadda aikinta ya buɗe da gaske takan ce mini ta koma cin faranti guda kamar da, ba ta jin komai ya tsaya mata. To amma aljihun nan kamar mazurari yake. Nama da kifi da wake suna zama a cikinsa su toshe na ɗan lokaci, ki ji kin ƙoshi. Fura da kunu da shayi kuwa wucewa suke yi kai tsaye. Za ki iya shan kofi uku a tsakanin azahar da la'asar ba tare da kin ji nauyi ba, kuma duk abin da ke cikinsu jiki ya karɓe. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Zoɓon da ake ƙullawa a leda, da kunun aya, da shayi mai kauri da madarar gwangwani, duk tafiyarsu ɗaya. A watannin zafin nan na Maris zuwa Mayu, lokacin da Kebbi take wuce digiri 40, da yawa da irin waɗannan ake kashe ƙishirwa, ba a ma lissafa su cikin abinci.

Akwai wata 'yar kasuwa da ta zo mini daga wajen Yauri, ita ma ta rantse ba ta cin komai. Na ce ta je ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta na mako guda, har ɗanɗanon miya. Da ta dawo muka karanta tare, ita ta fara dariya. Shayi sau biyar a yini, gyaɗa a gefen teburin shago tana ɗan tsinta tun safe, cincin in baƙi sun zo. Ba ƙarya ta yi ba, ba ta zauna ta ci abinci ko sau ɗaya ba. Amma gram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa take zama kitse. Wannan ɗan tsince-tsincen da ba ya ƙarewa shi ne babbar ƙofar da na fi ganin ƙiba tana dawowa ta cikinta. Ke ma ki yi wannan rubutun na kwana bakwai kafin komai, da lokacin da kika ci ko kika sha, da abin da kika ji bayansa.

Yanzu rawar jikin. Idan kika sha fura da sukari, ta faɗa hanji gaba ɗaya, sukarin jininki ya yi sama da sauri. Sinadarin nan GLP-1 ya fito da yawa, insulin ya biyo shi fiye da kima, sai sukarin ya faɗo ƙasa warwas bayan awa ɗaya zuwa uku. Abin da ke kawo gumi da rawa da bugun zuciya da wata irin yunwa mai gigitarwa ke nan. Sai ki ci dabino ko alawa, sukarin ya sake hawa, ya sake faɗowa. Haka wasu ke yini suna bin sukarinsu da zaƙi, nauyi yana ƙaruwa, su kuwa gani suke yi magani suke sha. Wannan matsala sananniya ce bayan irin aikinki, kuma takan fara ne bayan shekara ɗaya ko fiye, lokacin da mutum ya riga ya daina zuwa asibiti.

Ki nemi na'urar gwada sukari, wataƙila ta da tana nan a durowa, ki duba ko tsinkenta bai lalace ba. Duk lokacin da abin ya taso, ki gwada kafin ki sa komai a baki. Ƙasa da 70 ya sauka, ƙasa da 54 kuwa ya yi ƙasa sosai, in na'urar mai ƙananan lambobi ce 3.9 da 3.0 ke nan. Idan ya sauka, dabino biyu sun isa, sannan ki bi su da ƙwai ko 'yar gyaɗa don kada ya sake faɗuwa. Ainihin maganin shi ne hana shi hawa tun farko. In gyaran abinci bai wadatar ba, akwai ƙwaya mai suna acarbose da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, likita zai iya rubuta miki. Kuma kada ki tuƙa mota ko ki tsaya kan wuta idan kin ji alamarsa. In har kin taɓa suma ko rikicewa, wannan ba abin jira ba ne.

Yadda nake tsara wa irinki ci

Abinci mai tauri, sau uku a zaune, da ɗan ƙari sau ɗaya ko biyu da kika tsara da kanki, ba wanda hannu ya kai gare shi ba. A kowane zama ki fara da mai gina jiki, ki bi da ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe, loma uku ko huɗu. Ana son aƙalla gram 60 na furotin, wato sinadarin gina jikin, a yini. Ƙwai ɗaya yana da wajen gram 6, kifi mai girman tafin hannu ya kai gram 20, kofin dafaffen wake ya haura 12, kofin kindirmo wajen 8. Ke da kike Kebbi, kifin Argungu da na Yauri yana kusa da ke, ki gasa ko ki yi farfesu. Alale ya fi ƙosai saboda mai. Awara a cikin miya ta fi soyayya. Kwaɗon zogale ko na rama yana da kyau in ba a cika masa ƙuli da mai ba, don babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Ba zan ce ki rabu da nono ba, ki sha kindirmo da cokali, ba sukari, furar kuwa ɗan gutsure.

Ruwa kuma ba a haɗa shi da abinci. Ki jira minti 30 bayan kin gama, in ba haka ba ruwan zai wanke aljihun, yunwa ta dawo da wuri. A tsakanin abinci ki yi ta kurɓa, lita ɗaya da rabi zuwa biyu, fiye da haka a lokacin zafi. Ki kuma zuba naki a ƙaramin faranti daban. A kwano ɗaya da jama'a ba mai sanin abin da ya ci, ga kuma "ci mana, ko ba ki da lafiya ne?" da ba ta ƙarewa a gidajenmu.

Azumi yana zuwa cikin maganar nan dole. Da yawa suna yin sa lafiya shekaru bayan aikin, amma buɗa-bakinmu na kunu da zoɓo da ƙosai a kan cikin da ya yini ba komai shi ne daidai abin da ke tayar da rawar jikin nan. Ruwa da dabino ɗaya, a yi sallah, sannan kifi ko ƙwai. Idan gwaji ya nuna sukarinki yana faɗuwa sosai, ki zauna da likita kafin watan ya kama, ki kuma tambayi malamai hukuncin mara lafiya.

Diclofenac ɗin nan ki ajiye shi yau

Wannan ya fi kilo 19 ɗin tayar mini da hankali. Wurin da aka ɗinke hanji da aljihu yana saurin yin gyambo, kuma diclofenac da ibuprofen da danginsu suna cikin manyan masu jawo shi. Wanda aka yi wa baifas ana so ya guje su har abada. Gyambon yana iya zubar da jini ko ya huda. Yana kuma iya ƙuntata ƙofar har abinci mai tauri ya riƙa yi wa mutum ciwo ko ya sa shi amai, sai ya koma kan kunu da shayi ba tare da ya san dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa nake son sanin ko ƙoshi ne yake hana ki cinye tuwon ko zafi ne. Ki koma paracetamol, a duba gwiwar a asibiti. Ki kuma yi hattara da haɗin da ake ƙullawa a kemis don ciwon gaɓoɓi, sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu kumbura jiki su tayar da sukari. Wasu magungunan ruwa na "ƙarin jini" suna ɗauke da cyproheptadine mai ƙara son cin abinci. Allurar tsarin iyali ta wata uku, da amitriptyline da ake bayarwa don barci ko ciwon jijiya, su ma suna ƙara nauyi. Ki tattara duk abin da kike sha a leda ki kai wa likita, har na gargajiya.

Bitamin kuwa ba ado ba ne. Ɓangaren hanjin da aka kauce wa shi ne inda jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, kuma bitamin B12 ba ya shiga yadda ya kamata in babu sauran tumbin. Mutum yana iya zama da kilo 103 jininsa ya yi ƙasa, ƙashinsa yana lalacewa. Kasala, faɗuwar gashi, jin ƙafa kamar ana tsira allura, kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa, duk alamu ne. Mai kasala kuma ba ta motsi, sai nauyi ya ƙaru. Ba sai kin sayi na waje mai tsada ba: bitamin na haɗe kullum, ƙwayar ƙarin jini, kalsiyam da bitamin D, da allurar B12 duk wata uku. Ki raba ƙwayar jini da kalsiyam da awa biyu, kada kuma ki sha ta da shayi. A gwada miki yawan jini, ma'ajiyar ƙarfe, B12, bitamin D, da HbA1c, wanda zai nuna ko ciwon sukarin ya fara leƙowa.

Motsa jiki ba zai zubar da kilo 19 ba, amma shi ke riƙe tsoka ya hana ƙari. Minti 30 na tafiya bayan asuba, kwana biyar a mako, da tashi-zauna daga kujera gwargwadon abin da gwiwa ta yarda.

Allura, ɗinki, da sake tiyata

Idan aka yi wata uku zuwa shida ana wannan nauyin bai motsa ba, sai magani. Alluran da ake yayi yanzu, liraglutide da semaglutide, wanda aka fi sani da Ozempic ko Wegovy, kwaikwayon GLP-1 ɗin nan suke yi, tirzepatide kuma ya haɗa shi da wani sinadarin. Suna aiki ga waɗanda aka yi wa tiyata. A wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2023, waɗanda tiyata ba ta yi musu yadda ake so ba sun rage kusan kashi 9 cikin ɗari a mako 24 da liraglutide, waɗanda aka ba allurar da ba magani a cikinta kuwa ko kashi 1 ba su kai ba. A jikinki kashi 9 kilo 9 ne, wanda zai mayar da ke daidai inda lissafinmu na farko ya nuna. Sai dai suna da tsada, ana ajiye su a firiji, ke ma kin san halin wutarmu, kuma in aka daina yawancin nauyin yana dawowa. Ba a yin su da ciki ko ana neman ciki. Akwai na jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2024, don haka ban yarda a saya a hannun masu talla a WhatsApp ko Instagram ba. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, ga mai gajeren hanji wannan neman rigima ne.

Ko aikin ya buɗe, daga nan inda nake ba zan iya gani ba, sai an leƙa. Ana zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki a ga girman aljihun da faɗin ƙofarsa, a ga ko akwai gyambo, a kuma duba ko wata 'yar hanya ta ɓulle tsakanin aljihun da tsohon tumbin, wadda takan mayar da abinci tsohuwar hanyarsa. Wani lokaci ana haɗawa da hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyam. Ana yin wannan leƙen a manyan asibitocin koyarwa irin na Sakkwato da Zariya da Kano, kuma saboda diclofenac ɗin ina ganin ya kamata ki yi shi ba da daɗewa ba. In an ga ƙofar ta yi faɗi, akwai ɗinkin da ake yi ta baki ba tare da an tsaga ciki ba, a tsuke ta, yakan rage kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, amma masu yin sa ba su da yawa. In hanya ce ta ɓulle, wannan gyaran likitan tiyata ne.

Sake babbar tiyata ita ce ta ƙarshe a wurina. Cikin da aka taɓa shiga yana da tabo, yoyon ɗinki da zubar jini sun fi yawa a karo na biyu. Irin wadda ake ƙara tsawon hanjin da abinci ke kaucewa tana rage nauyi, amma tana iya jefa mutum cikin gudawa da ƙarancin furotin mai tsanani, kuma wadda bitamin ya gagare ta saya bayan aikin farko, na biyun zai fi neman su. Hukuncin wannan na likitan tiyatar ƙiba ne bayan ya ga sakamakon leƙen, ba nawa ba. Amma ba zan so a sake sayar da fili a kan abin da wataƙila kofin fura ne da ƙwayar ciwon gwiwa ba.

Abubuwa uku ba a kwana da su a gida: ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, domin hanji yana iya sarƙewa ko bayan shekara goma, baƙin bayan gida kamar kwalta, da amai na kwanaki. In amai ya kai ki asibiti, ki gaya musu an yi miki baifas, a ba ki bitamin B1 kafin a ɗaura ruwa mai sukari. Takardar da aka ba ki a Indiya mai bayanin aikin, ki nemo ta, ki ɗauki hotonta a waya, ki tafi da ita duk inda za a duba ki, tare da rubutun kwana bakwai ɗin da lambobin sukarin da kika gwada.